Koren Zare a Fankar Kwamfuta

Shekarar da idon Baba ya fara rauni na kawo wata tsohuwar kwamfuta gidanmu na Garwa, na dasa ta a ɗakin karatunsa. A ofishin da nake aikin buga takardu na samo ta, sun yi sababbi sun jingine ta. Baba malami ne, ya tsufa yana karantarwa a zaure, kuma burinsa a rubuta labarin gidanmu tun daga tasowar kakansa daga Kano da fataucin goro. Hannunsa ya daina riƙe alƙalami. Sai muka shirya duk Asabar da Lahadi shi ya faɗa, ni in buga. Kowane babi da aya yake buɗe shi, da addu'a yake rufewa.

Ranar farko na kafa masa doka, don ni bakina ba linzami: "Baba, don Allah kar ka taɓa ta." Ya ce to. Abu ɗaya ya ƙi, wato a bar akwatin kwamfutar a ƙasa, dole na ɗora shi kan tebur.

Kwamfutar nan in aka kashe ta, sai ka dafa shayi ka sha kafin ta tashi. Saboda haka in azahar ta yi a kunne nake barinta, in shiga cikin gida in yi salla, in ci abinci, in ɗan kishingiɗa. Gilashin fuskarta kan yi duhu da kansa. Sai bayan la'asar nake dawowa.

Da bazara ta kama sai ta fara kuka. Wanda ya san Afrilun Garwa ya san ko bango ka dafa sai ka janye hannu. Da fari ƙir-ƙir ne kaɗan daga bayanta, wajen 'yar fankar da ke fitar da iska. Cikin mako biyu ta koma gurnani kamar injin markaɗe. Na buge ta a gefe, ta yi shiru minti biyu ta ci gaba. Na zargi wutar lantarki, na aro na'urar daidaita wuta, a banza. Na ɗiga mata man keken ɗinki ta ramukan baya. Har fankar ɗaki na juya mata, mu muna gumi gimbiya tana shan iska! Abin da ya ɗaure min kai shi ne da safe da sauƙi, bayan la'asar kuwa akwatin zafi zau. Baba yana kan buzunsa yana jin ina ta masifa.

Wata Lahadi muka iso babin Inna. Mahaifiyata ta rasu ina shekara shida, kuma tun daga nan ban taɓa jin Baba ya yi zancenta ba. Ranar kuwa ya buɗe baki. Ya faɗi yadda ya fara ganinta a kasuwar garin Bibemi a rumfar gyaɗar mahaifinta, da irin dariyarta, da abin da ta ce masa game da ni ranar da za ta cika. Duk mai buga takardu ya san halin aikin nan, magana daga kunne take wucewa yatsu, ba ta tsayawa a ka. Ga shi kuma ina kuka. Shafi huɗu muka yi. Aka kira azahar, na tashi ina share ido, ban danna inda ake adana rubutu ba.

Da na dawo, ɗakin na warin ƙonannen roba. Na danna, na sake dannawa, shiru. Nan take na tuna shafi huɗun nan.

Washegari na rungumi akwatin a bayan babur zuwa shagon wani Bafulatani mai gyara, kusa da babbar kasuwa. Ya kwance shi, ya ciro wani ƙaramin akwatin ƙarfe daga kusurwa. Ya ce wannan ce alimantasiyon, ita ke raba wa kwamfuta wuta, kuma ta ƙone ƙurmus. Ya tura fankarta da yatsa, ta ƙi juyawa. Sai ya sa ɗan hantsaki ya dinga zaro wani zare kore, naɗe cunkus a gindin fankar.

"Adda, wa ke lulluɓe ta tana aiki?"

"Ba kowa," in ji ni.

"Ai kuwa akwai. An toshe mata hanyar iska, ga zare ya ɗaure fanka. In fanka ta tsaya a zafin nan, minti nawa ne?"

Na san zaren sarai. Gezar koren bargon da Baba ya zo da shi daga Makka ce, wanda yake rufe littattafansa da shi.

Mai gyara ya sa wata alimantasiyon, kwamfuta ta tashi shiru, ko ƙir babu. Babi-babi duk suna nan. Na Inna kuwa, sai kan magana da ayar buɗewa kawai. Na sa shi ya bincika, ya bincika har ya gaji, ya girgiza kai.

Ko mayafi ban cire ba na faɗa ɗakin karatu. Allah ya yafe min, na ɗaga wa mahaifina murya. "Haba Baba! Ba na ce kar ka taɓa ta ba?"

Ya ce, "Ko sau ɗaya ban taɓa maɓallinta ba. Na ga gilashin ya yi duhu, na ce ta huta. 'Yar nan, ayoyin Allah ne fa a ciki. A bar su a buɗe, ƙuda na sauka, kaji na shigowa?" Ashe kullum ina fita sai ya lalubo bargon ya rufe ta ruf, in ya ji ƙarar takalmina ya yaye, don kar raina ya ɓaci. Kunya ta kama ni, wallahi, don na san wanda bai adana rubutun ba, kuma ba shi ba ne.

Na durƙusa na gaya masa babin Inna ya tafi, na roƙe shi ya maimaita.

"Ai na faɗa. Ba ki ji ba?"

"Na ji, Baba, amma ban riƙe ba."

Ya ja carbinsa, ya ce, "Buɗe babi na gaba."

Mun gama littafin. Na ɗinka masa ɗan ƙyalle wanda ke rufe saman akwatin kawai, shi kuma ya ɗauki ɗabi'ar miƙa tafin hannu ta baya ya ji ko iska na fita. Sau uku na sake roƙonsa, sau uku ya kau da zancen. Bayan damina biyu ya rasu.

Babin yana nan yadda yake, kan magana da aya. Na tuna kasuwar Bibemi, na tuna rumfar gyaɗa. Na kuma tuna ranar da Inna za ta cika ta fara da cewa, "Yarinyar nan, Malam," ni da yatsuna na buga sauran, kuma har yau ban san me ta ce ba.