Dona Gracinda da Taragon da Ya Daina Tsayawa

Shagona na gahawa yana daura da inda tarago, ɗan jirgin ƙasan nan mai bin titin gari, ke tsayawa a unguwarmu ta Graça, can saman tudun Lisbon, saboda haka duk mai jira sai na gan shi, ko ina so ko ba na so. Wadda na fi gani ita ce maƙwabciyata Dona Gracinda, gajeriyar tsohuwa mai baƙaƙen kaya, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Mijinta Baltazar shi ke tuƙa taragon nan mai ruwan ɗorawa, tun yana saurayi har furfura ta rufe shi. In ya kawo kwanar gidansu sai ya kaɗa ƙararrawa, ita kuma ta sauko da kwanon miyar kabeji ta miƙa masa ta taga. Bayan rasuwarsa abokan aikinsa suka ci gaba da kaɗa mata. Su ma suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu da direbobin da ba su san ta ba.

Layin taragon yana ƙarewa ne a ƙofar maƙabartar da Baltazar ke kwance. Kowace shekara, ranar ziyarar matattu a farkon Nuwamba, takan sayi fararen furanni, ta tsaya a nan, ta ɗaga hannu, taragon mijinta ya kai ta wurin mijinta. Akwai bas da ke zuwa can ta wata hanya. Na sha gaya mata, amsarta ɗaya ce: Baltazar bai taɓa tuƙa bas ba.

To, sai ga baƙi masu yawon buɗe ido. Ba ni da abin faɗa a kansu, da gahawar da suke sha nake cin abinci, amma wallahi na gaji. Na gaji da ƙarar akwatunansu masu taya a kan duwatsun titi, na gaji da nuna hanyar da ke gaban idon mai tambaya. Wani ya gaya musu wanda bai hau taragon nan ba bai zo Lisbon ba, su kuwa suka hau kai suka zauna. Tun daga dandalin ƙasa, inda yake farawa, suke cika shi maƙil, in ya iso wurinmu ko allura ba ta da wurin faɗuwa.

Bara, ranar ziyara, ta fito da hantsi da furanninta a naɗe cikin jarida. Na farko ya zo, ta ɗaga hannu, ya wuce. Na biyu direban ya ɗaga mata kafaɗa. Na uku kuwa wani dogo ya leƙo ta taga ya ɗauki hotonta.

“Maƙwabciya, zo ki zauna mana, ƙafafun nan ba na aro ba ne,” na ce da ita.

“Armindo, ka ji da kofunanka. In na zauna ai lokacin zai zo babu kowa a ciki.”

“Babu kowa? Sai dai in teku ta cinye filin jirgin sama.”

“Bakinka ya fi gahawarka ɗaci,” ta ce, ba ta ko waiwayo ba.

Rana ta take, furannin suka fara sunkuyar da kai, ga shi da yamma ake rufe maƙabartar. Wata baƙuwa ’yar Brazil da ke shan gahawa a ƙofar shagona ta daɗe tana kallonta. Harshenmu ɗaya da su, sai ta taso cikin ladabi.

“Kaka, a nan fa ba a samun wuri. Ki sauka dandalin ƙasa ki bi layi, can ake samun kujera. Haka duk muke yi.”

“Ku wa?”

“Mu baƙi mana.”

Na zaci Dona Gracinda za ta wanke ta tas, don na san harshenta. Ba ta yi ba. Ta dubi yarinyar, ta dubi furannin, ta ce, “Na gode, ’yata.” Sai ta juya ta kama gangara, hannu ɗaya a bango, tana taka matakalar nan guda guda. Na ce ta bari in rufe shago in raka ta, ta ce ai ta san hanya. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Matar da aka haifa a lungun nan, yau wadda ta sauka jirgi shekaranjiya ce ke koya mata hawan taragon mijinta.

Can da la’asar sai ga tarago ya hawo a cike, ga ta zaune a bakin taga tsakanin masu hotuna. A wurin tsayawa kuwa akwai tsoho Evaristo, mai gyaran takalma, da nasa furannin na matarsa, hannu a sama. Suka haɗa ido. Taragon bai ko rage gudu ba, ita kuma ta kau da kai.

Washegari ta shigo tana ɗingishi, ta nemi gahawa da madara.

“Kin samu ƙofar maƙabartar a buɗe?” na tambaye ta.

“Da ƙyar. Na share masa kabarin, na zuba wa furen ruwa.” Ta juya cokali a kofi. “Armindo, na wuce ƙofar gidana, na ga zanen gadona a igiya, ta kusa da ni tana ɗaukarsa hoto tana murna. Na ga Evaristo kuma. Ka san abin da na ji? Daɗi na ji da bai tsaya ba, don kada in makara.”

Na tura mata sukari.

“Gwiwoyina ba za su sake gangarar nan ba,” ta ce. “Na gaya wa Baltazar kada ya jira ni baɗi.”

Bana ranar ziyara ta zo ta wuce, tana zaune a kujerar da na ajiye mata a ƙofar shago. In baƙo ya tambaye ta inda ake hawa, takan nuna masa gangara da haɓa. Tarago ya zo ya wuce a gabanta har yamma, ba ta ɗaga hannu ba.