Baƙon Yamma Ya Ƙi Cin Abinci

Mijinyawa mutumin Malumfashi ne, dogo, siriri, mai tafiya kamar kullum ya makara. Karatun aikin gona ne ya kai shi Hartum. Da hutun kaka ya zo, malaminsu ya ce kowa ya tafi ya yi aiki da hannunsa a gonar gaske, wanda ya dawo da tafin hannu mai laushi kada ya shigo masa aji. Shi sai ya zaɓi Gadarif da ke gabashin Sudan, don an ce masa a can tarakta ke huɗa, ita ke shuka, amma riɗi ya ƙi yarda da inji, sai lauje. An kuma gargaɗe shi cewa yankan riɗi bai fi kwana goma sha biyu ba. In an wuce haka kwanso ya tsage, ƙwaya ta zube, kowa ya koma gida.

Ya sauka a gidan Sharu, mai kwasar ma'aikata a lori zuwa gonakin riɗi na yankin Simsim. Kakan Sharu ya baro ƙasar Katsina a ƙafa zai je hajji, ya tsaya nan don ya yi noman damina ɗaya, kuma ga dukkan alamu daminar ba ta ƙare ba har yau. Kuskuren Mijinyawa shi ne da ya durƙusa ya gaida Goggo Zainaba, yayar Sharu, da Hausar gida tsantsa, babu Larabci ko ɗigo a ciki. Tsohuwa ta dafe ƙirji, ta sa ya maimaita, ta aika maƙwabta su zo su ji da kunnensu. Kafin la'asar ya zama Baƙon Yamma, don Yamma suke kiran ƙasar Hausa, dukiyar unguwa gaba ɗaya.

Daga nan kwanakinsa suka ɗauki fasali ɗaya. Da safe shayi da madara. Kafin ya gama ɗaure takalmin aikin da ya sayo a Hartum, an aiko cewa gidan Ɗantsoho na jira, an yanka kaza. Daga can a zarce gidan Maiturare a sha jabana, gahawar nan da ake dafawa da citta a ɗan tulun ƙasa, kuma ba a tashi a finjali na biyu. Kowane gida da tambayarsa: ko ya san wani malami a Bakori, baƙi, mai wushirya? Wanda ake cigiyar ya kai shekara tamanin a kabari, amma Mijinyawa yakan ce kamar ya taɓa jin sunan, sai a ƙara masa nama. An kai shi suna, an kai shi ɗaurin aure biyu. An kai shi kasuwar hatsi ya ga buhunan dawa sun yi tsauni, ya miƙa hannu zai taya ɗauka, aka janye shi zuwa inuwa. Ran Juma'a har Gallabat, garin kan iyaka, aka tafi da shi don ya hango Habasha.

"Kawu, yaushe za mu Simsim?"

"Bukra, in sha Allahu," in ji Sharu.

"Jiya ma gobe ka ce."

"To ka ga ban canja magana ba."

Goggo kuwa ba ta ɓoye ra'ayinta. "Baƙo da lauje? A je Yamma a ce mun sa ɗansu wahala? Zauna ka ci, ya waladi, ɗan nan nawa, wuyanka kamar na zalɓe."

Amma Mijinyawa ɗalibi ne, kuma tunda an hana shi nazarin riɗi, sai ya koma nazarin masu masaukinsa. Ya gano makaminsu. Da baƙo ya ce ya ƙoshi, mai gida zai ce, "Wallahi sai ka ƙara," shi ke nan magana ta mutu, domin babu mai son jawo wa ɗan'uwansa azumin kaffara. A Gadarif wanda ya riga rantsewa shi ne mai gaskiya.

Ran kwana na takwas lori ta dawo daga Simsim da hantsi, direba ya ce riɗi ya fara buɗe baki, saura kwana uku a gama. Da azahar aka ajiye tire a zaure: kisra, wato wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, da soyayyen naman rago. Dattawa suka kewaye, Ɗantsoho na ciki. Sharu ya tura ƙwanon nama gaban baƙo, ya ja numfashi zai fara, Mijinyawa ya riga shi.

"Wallahi, Kawu, ba zan sa loma a bakina ba sai na yanki riɗi da hannuna."

Sharu ya tsaya da baki a buɗe, rantsuwarsa ta maƙale masa a wuya.

Ɗantsoho ne ya fara farfaɗowa. "Abu mai sauƙi. Akwai riɗi kara biyar a bayan dangata, a kawo masa wuƙa."

"Na Simsim nake nufi, Baba."

"Ba ka ce Simsim ba."

"Na ce a zuciyata. Ku kuka fi ni sanin cewa da niyya ake yin hukunci."

Labari ya shiga cikin gida, Goggo ta fito da muciya a hannu. "Kai, wa ya koya maka wannan rashin kunya?"

"Ku ne, Goggo. Kwana takwas ina ɗaukar karatu."

Ta dube shi, ta dubi naman da ke hucewa. Ta so ta yi fushi, dariya ta hana ta. Sai ta juya kan ƙaninta. "Tashi ka kai shi. Kada ya faɗi mini a tsakar gida a ce yunwa ce ta kashe baƙo a gidan Zainaba."

Awa uku suka yi a kan baƙar ƙasa mai tsage-tsage, lori na jijjiga cikin da babu komai a ciki. Rana ta karkata suka isa. Gona ce da ido ba ya kai ƙarshenta, ma'aikata sun sunkuya a layi, a bayansu damman riɗi an jingine su a tsaye. Wakilin gonar, wani gajere mai suna Tsoho, bai tambayi daga ina yake ba, lauje kawai ya miƙa masa.

Mijinyawa ya yanka, ya ɗaure dami, ya wulla shi a kafaɗa kai ƙasa, yadda ake ɗaukar dawa a Malumfashi. Ya ji wani abu na yi masa yayyafi a gadon baya har cikin wando.

"Ya zol, kai bawan Allah, tsuntsaye ka zo ciyarwa?" Tsoho ya taso da sauri. "Riɗi kai sama ake riƙe shi, kamar jariri. Wane jaki ne ya koya maka noma?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Sharu ya matso zai ce baƙo ne, Mijinyawa ya ɗaga masa hannu. Ya tsayar da damin, ya karkaɗe riga, fuskarsa fal murna.

"Gobe da asuba ka bi layin ƙarshe, tare da tsofaffi," in ji Tsoho.

"A'a, wakili. Sa ni a na gaba. Kwana uku kawai suka rage mini."