Ƙwayar Kano ta ƙare, Malam ya tafi

Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana, Malam, a nan Kuala Lumpur. Ban yi boko ba, autarmu Hadiza ce ke rubuta abin da nake faɗa. Ita ta kawo mu unguwar Wangsa Maju da ta samu aikin koyarwa, wai mu zo mu huta.

Tun a Kano Malam ke fama da ciwon fata. Gwiwar hannunsa da ƙeyarsa su yi ja, su riƙa zubar da farin ɓawo. Kirci muke ce masa. Wani mai kemis ya ba shi wata ƙaramar farar ƙwaya, fatar ta kwanta. Da muka dawo nan, duk ɗalibin da zai taso daga gida sai a haɗo shi da yaji da kuka da ƙwayar Malam. Kullum yana sha, shekara da shekaru, kuma ba wanda ya taɓa ce mana ba a yanke ta lokaci guda.

Sai korona ta zo, aka tsayar da jirage. Ƙwaya ta ƙare. Hadiza ta ce mu je asibiti a nemi irinta. Ya ce, “Auta, mutane na mutuwa, ni in je in tsaya layi saboda ƙaiƙayi? Kunya ma ta ishe ni.”

Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe shi. Jikinsa ya yi jawur, ƙananan ƙuraje masu mugunya suka feso tun daga hammata har cinya, suna haɗewa, fatar tana saɓulewa a jikin zanen gado. Riga ma ba ya iya sawa. Maƙwabtanmu ’yan ƙasarmu suka daina shigowa, sai su yi tapau, wato ƙunshin abinci, daga kedai, shagon abinci na nan, su rataye a ƙofa. Ban ga laifinsu ba a lokacin. Yanzu ina gani.

Dole muka kai shi asibiti. Da suka ji zazzaɓi, ɗakin masu korona aka fara kai shi, ni aka tsayar da ni a bakin ƙofa. Suka tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce a’a. Gaskiyarsa ce a ganinsa, tunda ya ƙare. Aka yi ta ba shi maganin ƙwayoyin cuta, jiki na ƙara lalacewa. Sai da wata likitar fata ta kira Hadiza ta ce ta tambaye ni me yake sha a da. Na kwatanta mata ƙwayar. Likitar ta ce ciwonsa sunansa soriyasis, wannan nau’in mai mugunya ba kasafai ake ganinsa ba, ba ya yaɗuwa, kuma yanke ƙwayar nan farat ɗaya na iya tayar da shi. Aka sauya magani, amma ƙodarsa ta riga ta gaji.

Wannan ne ke ci mini rai har yau. Ba ya yaɗuwa. Da na riƙe hannunsa, da ba abin da zai same ni.

Bana Hadiza ta ce an fito da wata allura domin irin ciwonsa kaɗai. Nakan zauna in ce da yana nan me zai ce. Na san shi, dariya zai yi ya ce, “To madalla, na baya sun huta.” Haka yake, bai iya riƙe mutum ba. Ni kuwa kuka na yi, na ƙi cin abinci.

Ku da ke aiko wa ’yan uwa magani daga gida, ku gaya musu su nuna wa likita, ko da kwalin da ya ƙare ne. Kada kuma su daina sha da kansu.

Abin da Malam ya bari ba shi da yawa: yara da ya koya wa karatu a unguwar Danau Kota, suna gaishe ni da Hausar da ta karye, da kabari a ƙasar da ban jin harshenta. ’Ya’yana na Kano suna ta cewa in dawo gida. Na ce musu an hana ni zama kusa da shi yana jinya, yanzu ba mai hana ni. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zame masa kaffara.