Ramar Yayata

Yayata mai jiki ce tun bayan haihuwarta ta fari, kuma a gidanmu wannan abin alfahari ne. Idan ta zo ganin gida daga Kurni, inda take aure, Inna takan bi ta da kallo ta ce, "Ko ba a faɗa ba, an san kina cikin daula." Ni kuwa tsinke ake kirana.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, wata likita ta zo garinmu Matamaye daga Yamai. Bincike take yi kan ƙiba da ciwon sukari a jikin mata. Takan zauna a rumfar gidan likita da ma'auni da igiyar awo irin ta tela, mata na zuwa suna tsokanarta.

"Madam, riga za ki ɗinka mana?" in ji wata.

"Rage ƙugun nan tukuna, Hajiya, igiyata ta kusa kasawa."

Ni na raka Yaya. Likitar ta soki yatsarta, ta ɗiga jinin a wata ƴar na'ura, sai na ga ta daina dariya. Ta tambaye ta ko tana yawan ƙishirwa da fitsari. Yaya ta ce zafi ne kawai. Likitar ta ce sukarinta ya hau sosai, ta dawo da safe kafin ta karya. Washegari akwai suna a Ɗan Barto, can muka tafi. Daga nan Yaya ta wuce gidanta.

Bayan damina ta dawo mana kamar ba ita ba. Wuya ya fito, zobe na zamewa daga yatsa. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta ce wannan abin kunya ne, za a ce mijin ya kasa ci da ita, ko kuma mu ne ba mu damu ba. Aka yanke a riƙe ta a gida a yi mata kiwo, yadda ake yi wa mai jego. Da safe kunun gyaɗa da sukari, da hantsi fura da nono, ga gumba a kwano kusa da tabarmarta. Gwaggo ta ƙara da ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, daga wajen mai tallan magani a tire.

Na ce, "Gwaggo, likitar nan fa ta ce sukari ne."

"Ke da babu tsoka a wuyanki za ki koya mini kiwon mutum? Mai sukari ai ƙato ne, kowa ya sani. Wannan ramewa take yi."

Inna ta ce gaskiya ne. Ni ma maganar ta shige ni, domin duk masu ciwon da na sani manyan mata ne.

Fuskar Yaya ta fara cika, kumatu suka yi tumbur, gida ya ɗauki murna. Ƙafafunta dai suna nan kamar kara. Ranar wata Laraba aka kira la'asar ba ta tashi ba. Na girgiza ta. Numfashi take ja mai zurfi, bakinta na wani wari kamar mangwaron da ya fara ruɓa. Har yau ba na iya shiga layin masu mangwaro a kasuwa.

A gidan likita, ma'aikacin da ya karɓe mu bai ma gama dubanta ba ya tambaya, "An ba ta ƙwayar ƙiba?" Gwaggo ta sunkuyar da kai. Yana ɗaura mata ruwa yana bayani, cewa ciwon ne da kansa ke cinye jiki idan ya yi nisa, ƙwayar kuma ƙara hura shi take. Ya ce rubutun likitar nan ne ya sa suke wannan tambayar yanzu. Abin da ta gani a jikin matanmu ta rubuta, likitoci suka karanta, aka sauya yadda ake duba mace mai rama. Ina jin sa ina tuna cewa ta gaya mana sukari ne baki da baki, a rumfar da ke bayan tagar ɗakin.

Aka ce a wuce da ita babban asibitin Damagaram. Kanta na kan cinyata a mota. Ba mu kai ba.

Matan da suka yi mata wanka sun fito suna gaya wa Inna cewa ta tafi da kyanta, fuska cike kamar amarya. Inna ta ce alhamdulillahi. Na zagaya bayan ɗaki na durƙusa ni kaɗai.