Kawu Modu da Motar da Ba a Kashewa

Duk wanda ya san Kawu Modu, yayan mahaifiyata, ya san ba ya kashe mota. Tsohuwar akori-kurarsa mai shan gas, wadda yake kwaso bandar kifi da ita daga ƙauyukan fadama zuwa kasuwar Haɗeja, takan wuni a ƙofar gida tana kar-kar-kar, shi yana zaure yana shan kunu. Sai zai kwanta yake kashe ta, shi ma sai ya fara ƙure rediyo. Ko masallaci ya shiga haka yake barinta, har liman ya tare shi.

"Alhaji Modu, sahun baya ba sa jin karatu."

"Allah gafarta Malam, su dawo sahun gaba mana!"

Kuma fa mutumin da ke tsaga ashana biyu ne! Na taɓa ce masa, "Kawu, kana rowar ashana kana ƙona gas a banza?"

"Wa ya ce a banza, ɗan boko? Ƙara nake saya."

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa na yi niyyar sayen mota 'yar kwatano, na yi gangancin tafiya da shi wurin dillali. Motoci biyu ne suka yi mini, ɗaya mai fetur, ɗaya mai gas. Na zo da hujjojina a jere kamar zan shiga aji: gas ya fi fetur tsada, bakanikensa wuyar samu, kayan gyaransa sai Kano. Kawu bai ko kalle ni ba, ya ce a tayar da mai fetur.

Dillali ya murza makulli yana washe baki. "Ka ji ta, Alhaji? Ko numfashi ba ta yi."

"Shi ne aibinta. Motar da za a kira sunanka daga waje ka ji, ai ba mota ba ce. Ɗauki mai gas, Shehu. Ba ta da fulogi, ruwa ba ya kashe ta."

"Kawu, masallaci da kasuwa zan riƙa zuwa, ba Tafkin Chadi ba."

Na sayi mai fetur. Da na ce ya sa albarka, sai ya dafa taya ya ce mata, "Allah ya ba ki haƙuri."

Labarin ƙaninsa Gana kowa a dangi ya sani: suna samari kwale-kwale ya kife da su a mashigin hanyar ƙauyenmu, Kawu ya fito, Gana ko gawarsa ba a gani ba. Sauran labarin matarsa, Inna Falmata, ce ta ba ni, da na kai mata ƙarar mijinta.

"Ku dai kuna ta yi masa dariya. Tun daga ranar, in wuri ya yi tsit sai ya ji Gana yana kiransa. A bakin ruwa ya fi ji."

Na ce ai wannan aikin likitan kunne ne. Ta ce, "Allah ya shirye ka."

Da damina ta yi nisa aka yi suna a ƙauye, can bayan Auyo. Akori-kura tana wurin bakanike, dole Kawu ya shiga tawa, yana tsaki tun daga ƙofar gida. Rana tsaka muka iso mashigin. Ruwa ya haye hanya, ciyawar kacala ta rufe hagu da dama, ta fi motar tsawo. Na ce ai bai kai gwiwa ba, na shiga. Muna tsakiya motar ta yi tari, ta mutu.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ba kwaɗo, ba tsuntsu. Kawu ya toshe kunnuwa da yatsu.

"Yi magana, Shehu! Kai da ba ka gajiya da surutu! Karanto mini wani abu!"

"Me zan karanto?"

"Ko mene ne, don Allah!"

Abin kunya, duk addu'o'in da na sani suka gudu, sai darasin 'yan aji ɗaya ya zo bakina. Na dinga rangaɗa masa manyan biranen Afirka da ƙarfi, ina murza makulli. Na kai Nairobi numfashina ya ƙare.

Kacala ta kwanta gefe guda, kuma babu iska.

Kawu ya sauke hannuwansa a hankali. Tun muna yara shi ne mai ja mana kunne cewa ba a amsa kiran da ba a ga mai yin sa ba. Ya juya wajen taga, fuskarsa ta saki kamar ta yaro, ya ce, "Na'am."

Can ya dube ni yana murmushi. "Ka ji shi? Muryarsa ko tsufa ba ta yi ba."

Masunta ne suka turo mu waje. A gidan suna Kawu ya ci shinkafa da kifi har da ƙari, ya yi wa jariri doguwar addu'a, ya yafe wa wani da suka yi shekaru ba sa gaisawa. Kafin ruwan ya janye ya rasu, a kan tabarmarsa bayan la'asar, ko ciwon kai bai yi ba.

Masu tambayata ko na ji wani abu a mashigin, nakan ce musu hayaniyar ɗalibai ta daɗe da cinye mini kunne. Yawanci suna yarda.

Allah ya jiƙan Kawu Modu, ya jiƙan Gana. Ya sa sun sadu a inda ruwa ba ya raba mutum da ɗan'uwansa.