Shaidar Mai Agogo

Shagona na fotokwafi yana jikin nasa, katako ne kawai ya raba mu. Duk abin da zan faɗa a kan Mai Agogo, ko na gani da idona, ko shi ya gaya mini. Mutum ne siriri mai ɗan doro saboda yawan sunkuyo, kullum da ƙaramin gilashi maƙale a ido ɗaya. Yana ɗan shekara sha biyar mahaifinsu ya rasu, ya bar makaranta ya koyi gyaran agogo. Shi ya riƙe gidan, shi ya kai ƙaninsa har kwaleji. Su biyu ne wurin uwarsu, shi da wanda kowa ke kira Auta.

Auta irin mutanen nan ne da ko kofi suka fasa sai a tambaye su ko sun ji ciwo. Ga fara'a, ga surutu, amma ba ya wata shida a kan aiki ɗaya. Mai Agogo ya taɓa ce mini, "Maƙwabciya, in na kai wa Inna buhun shinkafa sai ta ce ajiye can. Auta ya kawo mata lemo biyu, sai duk wanda ya shigo gidan ya ji labari." Ya yi dariya, amma iya baki ta tsaya.

Baffansu, ƙanin mahaifinsu, gida ɗaya suke. Ya ce zai ja katanga ya raba tsakar gidan, katangar kuwa ta ƙofar ɗakin Inna za ta bi. Auta ya tsaya gaban magina ya ce in aka ɗora bulo ɗaya sai wani ya kwanta. Bayan kwana uku, da hantsi, aka tarar da Baffa a cikin sito an rotsa masa kai. Matar Baffa ta ce Auta ta gani yana fita. Auta ya ce a lokacin yana shagon yayansa, ya je a sa masa batir a agogo. Ni ranar ban buɗe ba, na kai 'yata asibiti.

A kotu aka kira Mai Agogo. Ya ce lallai Auta ya zo. Mai gabatar da ƙara ya ce, "Ƙarfe nawa ya zo, ƙarfe nawa ya tafi?"

"Ban duba ba."

"Kai da agogo suka kewaye ka?"

"Ranka ya daɗe, agogunan shagona marasa lafiya ne, kowanne da abin da yake faɗa."

Mutane suka yi dariya. Alƙali bai yi ba. Aka yanke wa Auta hukuncin kisa.

Wata lauya matashiya ce ta karɓi ɗaukaka ƙarar. Kundin shari'ar shafi ɗari huɗu da wani abu, ni na buga masa kwafi biyar, Mai Agogo yana tsaye a kaina yana jera su. Da muka zo shafin shaidarsa sai ya kife shi a kan teburi.

Shekara huɗu aka yi ana jira. Duk Laraba yakan rufe shago ya ɗauki Inna a babur zuwa gidan yari. Minti sha biyar ake ba su. Ita ce gaba, yatsunta cikin ragar ƙarfe suna riƙe da na Auta, shi kuma yana baya riƙe da jakarta. A hanyar dawowa ta ce, "Ka ga yadda ya rame?"

Ya ce, "Ni ma na rame, Inna."

"Kai ai kana waje."

Ranar da ya ba ni wannan labarin ya ce, "Wallahi akwai lokacin da nake cewa ina ma ni ne a ciki. In ga ko za ta yi ta soya mini nama tun daga Talata."

Na ce ya nemi gafarar Allah. Ya ce yana nema.

Wani hantsi, a shekara ta uku, makarantar da ke tsallaken titi ta kaɗa ƙararrawar fita tara, wato hutun ƙarfe goma da rabi. Sai na ji ya ƙwanƙwasa katako. Na leƙa, na same shi zaune ya cire gilashin, idon ya yi ja.

Ya ce, "Kin ji ta? Ranar ma ta kaɗa, Auta yana zaune a nan. Har ya ce ita ce kawai abin da yake so a makaranta. Bai tashi ba sai da yara suka koma aji. Likita kuwa ya ce tsakanin goma da sha ɗaya aka kashe Baffa."

Na ce, "Yanzu ka tuna?"

Ya ce, "A kotun ma na tuna. Na ɗaga kai na ga Inna. Ni ke tsaye ina rantsuwa, ita idonta na kan Auta. Ko sau ɗaya ba ta dube ni ba. Sai na ji bakina ya ce ban duba ba. Kuma ai ban yi ƙarya ba, ban duba ɗin ba. Na ɗauka zai yi 'yan watanni ya fito, ya san duniya."

Washegari ya je ofishin Lauya ya yi takardar rantsuwa, bai ɓoye komai ba. Ta gaya masa da wuya kotun sama ta saurari shaidar da mutum ya sani tun farko ya yi shiru. Haka kuwa aka yi, alƙalan uku suka ƙi karɓarta. Abin da ya fitar da Auta daban ne. Lauya ta tono bayanin farko da matar Baffa ta yi wa 'yan sanda, inda ta ce bayan wani mutum kawai ta hango, ba ta gane ko wane ne ba. Kuma babu ɗan sandan da ya taka zuwa shago don bincika maganar Auta. Aka soke hukuncin, aka sallame shi. Wanda ya kashe Baffa, har yau ba a sani ba.

A harabar kotu Inna ta rungume Lauya tana kuka, ta cire 'yan kunnenta na tun aure ta danƙa mata, tana ta cewa 'yata, 'yata. Mai Agogo ya dawo ya buɗe shago da la'asar. Na ce barka. Ya ce, "Barka kadai. Inna ta samu 'ya kuma. Mun zama uku, ni ne dai na ukun."

Auta ya fito ba irin yadda ya shiga ba. Surutun ya tafi, ba ya son ɗaki a rufe, ba ya iya tsallaka titi shi kaɗai. Ya karanta takardar rantsuwar, Lauya ta nuna masa, amma bai taɓa ɗaga maganar ba. Kowace safiya sai ya biyo yayansa ya zauna a kan benci. Shagon da a da sai ya wuni da mutum uku, yanzu ba ya rabuwa da jama'a, kuma ba agogo suke kawowa ba. Su shigo su ce, "Ina wanda ya fito?" su miƙa masa hannu ta saman kan mai shagon.

Jiya da azahar wayar Mai Agogo ta yi ƙara. Inna ce, ina jin muryarta daga wurina.

"Ya ci abinci?"

"Ya ci, Inna."

Ya ci gaba da riƙe wayar a kunne, yana jira. Can ya duba fuskar wayar, ashe Inna ta kashe tuni. Ya ajiye, ya mayar da gilashinsa.

Auta ya matso da benci ya ce, "Yaya, kai ka ci kuwa?"

Ya ce, "Matsa, kana tare mini haske."