Ranar da Fintan Ya Je Karɓar Izinin Aure

Fintan Geraghty makiyayin tumaki ne a gaɓar teku, a gundumar Mayo. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya mahaifinsa ya rasu, ya bar makaranta ya bi garke. Sunansa kaɗai ya iya rubutawa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Duk inda aka miƙo masa takarda, sai ya laluba aljihu ya ce ya manto tabarau a gida.

Sai da ya kai sittin da huɗu ya nemi auren Nuala, mai gasa burodi a ƙauyensu, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta amince. Saura su je ofishin rajista tare, wata uku kafin biki, a ba su takardar izini.

Ranar ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci. A mota ya haɗe rai.

"Kai tsoho, jana'iza za mu?" in ji Nuala.

Ma'aikaciyar ofishin ta gama tambayoyinta, ta turo musu takarda. "Ku karanta, in babu kuskure ku sa hannu."

Fintan ya kai hannu aljihu, sai ya fasa. Kunnuwansa suka yi ja.

"Nuala," ya ce ƙasa-ƙasa, "ban iya karatu ba."

"Ka zaci yau na sani? Shekara tara kana tsayawa gaban allon shagona kana tambayata me aka gasa. Matso nan."

Ta ɗora yatsa a layin farko, tana karanta masa a hankali. Sunansa, ƙauyensu, sunan mahaifinsa. Da ta ce "Bríd Mulroy" ya riƙe mata hannu.

"Mamata ke nan? Haka sunanta yake a rubuce?"

"Haka yake."

Ya daɗe yana kallon baƙaƙen. Ma'aikaciyar ta shiga neman wani abu a aljihun tebur, ba ta ɗago ba sai da ya share ido ya sa hannu.

A watan Mayu aka ɗaura auren. Shekara goma sha uku suka yi tare. Kowace safiya, in ya dawo daga wajen tumaki, takan karanta masa jarida yana shan shayi, shi kuma yana musu da duk abin da aka rubuta.